Ginshiƙan Lakwal ta Talladjé

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da ƙarfe tara da kwata na safe, Mushe Boubacar Lawali ya ɗora na'urarsa a kan ginshiƙi na farko na lakwal, makarantar unguwar. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana binciken gine-ginen gwamnati kafin ya yi ritaya, bai taɓa sa hannu a kan abin da bai auna ba.

Madam Rahina, shugabar lakwal ɗin, ita ta kira shi. Sandunan ƙarfen da magina suka bari tsaye a kan rufi, kamar yadda aka saba don a ƙara hawa wata rana, sun yi ja wur da tsatsa. Iyaye sun tsorata. In tsatsar ta sauka cikin ginshiƙai, za a rufe lakwal, kuma babu inda za a kai yara ɗari biyu da sha biyu da ke karatu a bene.

Na'urar tana ganin cikin siminti. Inda tsatsa ta ci ƙarfe, hoton kan fito da tabo mai kumburi. Hoton farko ya fito fes. Na biyu ma haka.

"Alhamdu lillahi!" in ji Madam Rahina. "Ko tabo babu, Baba."

Ya fita ya gwada na'urar a katangar maƙwabci, ya daɗe yana duban allonta, ya dawo ya sake daga farko. Sama da kansa yara suna rera lissafi, suna buga ƙafa.

Ya hau rufi, ya kama sanda ɗaya, ya girgiza ta a hankali. Da ya sauko sai ya tambayi inda maginin yake.

"Ya rasu bara. Mutumin kirki, wata biyar kacal ya gama mana."

"A sauko da yaran, Madam."

"Haba Baba, a sauko da su ina? Ƙasa ma a cike take. Ba ka ce babu tsatsa ba?"

"Ni ban ce kome ba tukuna."

Ya zare alƙalami, ya ja layi da rula, ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa na lakwal ɗin zamanin da, ya miƙa mata takardar:

"Sandunan rufi guntaye ne, an soka su a ɗanyen siminti. Ginshiƙan da aka auna: goma sha takwas. Masu tsatsa: sifili. Masu ƙarfe a cikinsu: sifili."