Rawa a Bikin Ƙanenta

Tana tsakiyar rawa a bikin ƙanenta sai mahaifiyarta ta riƙo mata hannu. Nan take ranta ya ɓaci. Tun da likita a Kampala ya ce tana da ciwon bayfola, mai ɗaga mutum sama ya kuma jefar da shi ƙasa, kowace dariyarta sai an bincika. In ta yi shiru a damu, in ta yi fara'a a tsorata.

"Mama, na sha maganina. Na yi barci, na ci abinci. Farin ciki ne kawai, irin na kowa. Laifi ne?"

Tsohuwar ta harare ta, ta ɗaura gyale a ƙugu.

"Wa ya tambaye ki? Matsa mini, kin tare fili. Ke kaɗai kika iya rawa?"