Sunan da Hajiya Jannatu Ta Kira

Hadari ya riga ya haɗo sa'ad da Serah ta dira daga Keke Napep a bakin wani layi a unguwar Umarari da ke Maiduguri, waya a hannu, caji saura kaɗan. Yau ce ranarta ta ƙarshe a gidan Hajiya Jannatu.

Jami'a ce ta zaɓi wasu ɗalibai su yi dogon hutu suna bincike a kan tsufa. 'Yan likitanci na auna hawan jini, 'yan sashen zamantakewa na bin yadda tsofaffi ke rayuwa a cikin iyali. Serah kuwa, 'yar sashen harsuna, da bakinta ta ɗauko Dala ba gammo. Cewa ta yi waƙoƙin niƙa na da za su iya dawo wa tsohuwar da ruɗewa ta kama da fuskokin 'ya'yanta. Dakta Mahfuz, mai kula da su, ba ya yarda da zancen baki kawai. Ya ce ko gobe ta nuna masa bidiyon Hajiya tana kiran ɗanta ko 'yarta da suna ba tare da an tuna mata ba, ko a cire aikinta daga taron gabatarwa.

Tun farkon damina take zarya. Hajiya, Bakanuwar da aure ya kawo Maiduguri tun tana ƙuruciya, takan karɓi waƙar tiryan-tiryan, har da kaɗa kai. Amma da 'yarta Rashida ta gifta sai ta tambaya, wannan 'yar gidan wa ce?

Wanda ya fi ba Serah tausayi shi ne ɗan Hajiya mai furfura a gemu, wanda Rashida ke kira Yaya. Kullum da la'asar yakan taso daga kasuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ajiye goro, ya gaishe ta. Ita kuwa sai ta kau da kai wajen bango, ta amsa ciki-ciki. Ko kallo bai ishe ta ba. Serah takan tuna yadda mahaifiyarta ke ƙwala wa babban wansu Caleb kira tun daga kicin, sai ta ji haushin wannan ciwo ya kama ta.

Yau ma Serah ta jingina wayar a jikin kwano, ta kunna kyamara, ta fara waƙar. Hajiya ba ta karɓa ba, tana ta murza bakin zane.

Serah ta sake daga farko. Iska ta buga ƙyauren taga, wayar ta nuna jan layi. Rashida na tsaye da faranti, ta ƙura wa uwarta ido.

Sai ga sallamar Yaya. Ya durƙusa inda ya saba, yayyafi na sauka a kafaɗar rigarsa. A daidai nan Hajiya ta ɗauki amshi, muryarta siririya amma ba gargada. Ta kai ƙarshen baitin, ta ɗaga kai. Yau ba ta nemi bango ba. Ta dube shi cikin ido, ta yi masa fara'a irin wadda ake yi wa baƙon kirki.

"Abdulsalami, shigo daga ciki mana. Ruwa zai taɓa ka."

Serah ta kai hannu ga wayar. Kyamarar na nan tana ɗauka. Suna ne cikakke, ba wanda ya sa mata a baki, kuma ga shi a bidiyo. Daɗi ya rufe ta har ba ta kula da farantin da ya kuɓuce wa Rashida ba.

Mutumin bai shigo ba. Ya miƙe a hankali, ya bar goron a ƙasa, ya nufi zaure.

Can Serah ta same shi, ya dafa bango, hawaye na bin gemunsa. Ta ɗauka na murna ne, don ita ma nata na neman zubowa.

"Baba, barka! Ta gane ka. Waƙar ta yi aiki, da kunnenka ka ji ta kira sunanka."

Ya ɗauke ido daga ruwan da ke zuba daga indararo, ya juyo.

"'Yata, kau da kan nan da kike gani, shi ne kawai abin da ya rage mini," in ji shi. "Ni ne ɗanta na fari. A wajenmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, kuma tunda ta haife ni ba ta taɓa faɗar nawa ba, sai yau da ta manta ita ta haife ni."