Makaɗin da Kiɗansa Ke Karkarwa a Gidan Biki

Kai da ka zo mini da ƙarar abokin aikinka, wai yana yi maka zagon ƙasa, zauna tukuna ka ji labarin wani makaɗi.

Makaɗin nan yana da na'urar kiɗa irin ta zamani, akwati ne mai ramuka birjik, sai an soka wayoyi daga wannan rami zuwa wancan kafin sauti ya fito. A gabanta akwai madannai farare da baƙaƙe irin na fiyano. A gefen hagu kuma akwai wani ɗan wili, in ka tura shi sama sai sautin ya kama karkarwa, in ka dawo da shi ƙasa ya miƙe sarai. Shi makaɗin madannai ya iya. Haɗa wayoyi kuwa aikin amininsa ne, wanda suka taso tare tun suna buga gwangwani a bakin kasuwa. A ɗakin gwaji, inda zafi ke sa makaɗin zama da 'yar shara, kiɗa ya kan fito garau. Amma da zarar an je gidan biki, ya caɓa ado da babbar riga mai sitati, sai sautin ya riƙa rawa kamar kukan akuya, mata suna rufe baki da mayafi suna dariya. In ya duba sai ya ga wilin a sama, alhali shi bai taɓa shi ba. Tun yana cewa tsautsayi har zuciya ta fara raya masa abubuwa. Wa ke tsayawa a hagunsa in ba aminin ba? Wa ya taɓa cewa shi ma yana sha'awar koyon madannai? Daga nan komai ya zama shaida. In aminin ya yi murmushi, to, murnar mugunta ce. In ya haɗe rai, to, asirinsa ne yake tsoron ya tonu. Makaɗi ya sayo kwaɗo ya garƙame akwatin, ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Rannan a gaban jama'a ya ce masa, “Na gane ka, munafuki.” Aminin ya naɗe tabarmarsa ya bar garin.

Biki na gaba makaɗi ya je shi kaɗai. Da yake yanzu shi ne mai haɗa wayoyi, sai ya naɗe hannayen rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya gama haɗi, ya hau kiɗa a haka. Sauti ya fito tas, ko gargada babu. Daɗi ya kama shi, ya ce a ransa lallai ya rabu da ƙaya. Da guɗa ta kaure sai ya miƙe ya karkaɗe riga don a san da shi, ya sake hannayenta, ya zauna ya kai hannun hagu can ƙarshen madannai. Yana kallo da idonsa bakin hannun rigar nan mai tauri ya saƙale wilin ya tura shi sama, akuya ta dawo da kukanta. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya kasa ƙarasa waƙar. Ya aika a ba aminin haƙuri, ɗan aike ya dawo ya ce mutumin yana gaishe shi, amma ya riga ya kama aiki da wani makaɗi.

Don haka kafin ka nuna kowa da yatsa, duba abin da ke rataye a jikinka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.