Wutar da ta zo da La'asar

A makarantarmu ta Bodinga kwamfuta ɗaya ce tal, tana ofishin Malam Bitrus, malamin lissafi, lulluɓe da tsohon zanen matarsa. Kusa da ita Littafi Mai Tsarki yake ajiyewa. Da yake wuta sai ta ga dama take zuwa, a takarda ya koya mana rubuta wa na'ura umarni.

Sati uku ina gyara nawa, wanda zai lissafa yawan dashen albasar da fadamar babana za ta ci. Ranar da wuta ta zo, na zauna ke nan gaban kwamfutar, sai aka kira La'asar. Na yi kamar ban ji ba.

Malam ya ce, "Tashi ki tai ki yi salla."

Na ce, "Malam, ɗauke ta za su yi."

"Su ɗauke. Ni ma ran Lahadi ba ni taɓa kwamfutar. Wanda ya ba ki kan nan, shi aka fara gaidawa."

Na tafi ina ƙunƙuni. Kafin in sallame, an ɗauke wutar.

Na dawo da hawaye, sai ya miƙo mini littafina. Ashe shi ya zauna ya buga umarnin nawa, bai gyara ko harafi ba. Ya kwafe amsar da jan biro, a ƙasa ya rubuta: "Ya yi aiki."

Yau da wannan sana'ar nake ci. Ko ina tsakiyar rubuta layin umarni aka kira salla, tashi nake yi. Kirista ne ya koya mini.