Tawada Daga Tokar Zaurenmu

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen ƙaro, sai in tuna wata la'asar a Zandam, washegarin da mahara suka ƙone zauren da Baba ke karantarwa, har da littattafan kakansa. Maƙwabcinmu Tanko ne ya nuna musu hanya, kowa ya sani.

Na tarar da Baba tsugune cikin toka yana tsintar gawayin azara. Ya daka shi, ya dama da ƙaro, ya miƙo mini allo.

Na ce, "Baba, yayyena sun ɗauki baka, za su gidan Tanko."

Ya ce, "Maza kira min su. Kibiya sau ɗaya take kashe mutum, ya huta. Ke kuma in kin dawo, zauna ki yi karatu. Wanda ya iya karatu, labarinsa ake ji."

Yanzu na tsufa, ina karantar da 'yan mata. Baba ya yafe kafin ya rasu, ni ban yafe ba. Duk yarinyar da na koya wa dama tawada, sai na faɗa mata sunan wanda ya jawo mana wutar nan. Jikokin Tanko ma suna cikin 'yan matan.