Kan Kaka a Buɗe

Ina 'yar shekara tara, wata Asabar da la'asar, ina shafa wa Kaka man kaɗanya a kai, a gidan kula da tsofaffi a Bronx. Sai wani ma'aikaci ya yaye labule ba sallama, da ɗalibai a bayansa, zai nuna musu gyambon bayanta.

Kaka ta lalubi ɗankwali, shanyayyen hannunta ya ƙi ɗaguwa.

Ta ce da ni, "Gaya masa ko surukina bai taɓa ganin gashina ba."

Na gaya masa da Turanci. Ya yi mini murmushi, ya ce yanzu za su gama, ya ɗage mata riga.

Har yau abin yana ci mini rai. Ni ya ba amsa, ita ko kallon fuskarta bai yi ba.