Wat Dubu da Iyakar Gona

Akwai wani a layin masu gyaran kwamfuta, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Bakinsa ya rusa zuri'a guda, kuma har yau yana kan bencinsa yana raba wa mutane shawara kamar goron suna. Kai da ka zo kana cewa in cire maka babban akwatin wutar kwamfutarka in sa ƙarami don shagonka ya huce, ja kujera tukuna. Ni ban shiga aji don aikin nan ba, wuta ce ta koya mini, kuma ba ta koyarwa da lallashi.

Wani mai ɗaukar bidiyo ne, shagonsa rufin kwano, ba taga, ƙofa ɗaya. Yana da kwamfutar haɗa hoto mai cin wuta. A cikinta akwai akwatin nan da ke karɓar wutar bango ya raba wa sauran kaya, wanda muke ce wa fawa-fak, an rubuta wat dubu a jikinsa. Wata rana wani dattijo manomi ya kira shi ƙauye. Gonar tsohon da ta ƙanensa marigayi sun shekara talatin ana nome su a haɗe, kunyoyin noma sun cinye iyaka, shi kaɗai ya rage da ya san inda kowacce ta tsaya. Ya ji jikinsa ya fara saki. Sai ya ɗauki sanda ya taka iyakar nan tun daga tudu har bakin fadama, kyamara na bin sa, yana cewa daga wannan tsamiya zuwa wancan dutse nawa ne, abin da ya yi gabas na 'ya'yan ƙanena ne. Bai yarda kowa ya bi su ba, don kada a fara rigima yana raye. Mai bidiyo ya dawo gari, ya juye hoton a kwamfuta, ya goge memorin kyamara saboda yana da biki ranar Asabar. Haka duk suke yi.

Bazara ta shigo, shago ya koma tanderu. Gwanin nan mai raba shawara ya leƙo, ya sa tafin hannu a bayan kwamfuta, iska mai zafi ta buge shi, ya karanta lambar ya ce, "Wat dubu? Ai dutsen guga ka kunna a ɗaki, maigida." Ya cire babban ya tafi da shi, ya ɗaura wani ƙarami mara nauyi kamar gwangwanin madara. To ka ji inda jahilcin yake. Lambar nan ba ta nufin abin da akwatin ke sha, tana nufin iyakar abin da zai iya ɗauka. Rijiya mai zurfi ba ta jiƙa maka gida, abin da guga ya ɗebo shi ke zuba. Kwamfutar nan in tana haɗa hoto wat ɗari biyar take nema, ko da wane akwati, kuma kusan duk ɗari biyar ɗin zafi suke komawa a ɗakin. Katin hoto, wato sashen kwamfutar da ke sarrafa bidiyo, shi ke hura wutar, kwano da rashin taga suka tsare ta. Babban akwatin yana aiki da rabin ƙarfinsa, ɗan abin da yake ɓarnatarwa bai taka kara ya karya ba. Ƙaramin kuwa, lambar jikinsa ma ƙarya ce, kullum a maƙure yake, fankarsa na kuka, zafin da yake ƙarawa ya fi na wanda aka kora. Shago bai huce ba. Mai shago ya ce wa kansa bazarar bana ce ta yi yawa.

Dattijo ya rasu. Bayan sadakar bakwai dangi suka aiko a kawo bidiyo. Mai bidiyo ya zauna da azahar zai haɗa, aiki ya yi nisa, sai warin ƙonanniyar roba, sai ƙara ɗaya kamar an fasa gyaɗa. Akwatin kirki in ya ji an fi ƙarfinsa kashe kansa yake yi, ya tsare na bayansa. Wannan bai mutu shi kaɗai ba, ya tura wuta ta cinye faifan ajiya inda bidiyon dattijo yake. Aka kai faifan hannu huɗu, ciki har da nawa, ba abin da ya fito. Aka tsayar da mai bidiyo gaban mai gari, aka ce to faɗi abin da ka gani. Ya ce akwai wata tsamiya. Tsamiya bakwai ce a gonar. Ɗan birni ne, ranar hankalinsa na kan hasken rana da batir. 'Ya'yan wa suka ce 'ya'yan ƙane sun saye shi, su ma suka ce haka. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fito da fartanya a kan kunya ɗaya, faɗa ya kaure. Yanzu ɗaya ba ya da hannun dama, ɗaya yana gidan yari, gonar kuma damina biyu ke nan tana fitar da ƙarangiya.

Hausawa sun ce an bar jaki ana dukan taiki. In kana ganin ƙarya na sharara maka, je ka fasa taga a bangon shagonka, ka bar akwatin inda yake, ka yi kwana uku. Sannan ka dawo ka dubi idona ka ƙaryata ni.